Wanda Ya Gano Magani da Wanda Ya Kai Shi Gadon Asibiti: Wa Ya Cancanci Karramawa?

Duk watan Oktoba, idan aka sanar da waɗanda suka ci lambar Nobel ta fannin likitanci, sai gidajen rediyo su ɗauka, a faɗi sunayen masana da abin da suka gano. Mai sauraro a Funtuwa ko Maraɗi yana da haƙƙin ya tambaya: in dai ana ta gano magunguna haka, me ya sa har yau mace ke rasuwa saboda zubar jini a ɗakin haihuwa, yaro kuma gudawar kwana biyu ta tafi da shi? Yawancinmu mun ɗauka cewa da zarar masana sun gano abu, aiki ya ƙare, saura kawai a kawo mana. Ba haka abin yake ba. Tsakanin ɗakin bincike da gadon majinyaci akwai doguwar tafiya, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan, su ɗauki abin da aka gano su kai shi inda ake buƙatarsa. Tambayar da ake muhawara a kanta ita ce, shin su ma sun cancanci a karrama su kamar yadda ake karrama mai ganowa? In kuwa sun cancanta, da wane ma'auni za a auna su?

Me ake nufi da kai bincike ga aiki?

Sabon magani ko sabuwar dabara kan bi matakai. Da farko a gano shi. Sannan a gwada shi a kan mutane masu yawa don a tabbatar yana aiki kuma ba ya cutarwa. Daga nan hukumomi irin su Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatun lafiya su zauna su rubuta shi cikin ƙa'idojinsu. Har zuwa nan, duk a takarda ake. Matakin ƙarshe shi ne wanda ya shafe mu: a sayo maganin, ya isa asibiti bai lalace ba, malamar asibiti ta san yaushe za ta ba da shi da yadda za ta ba da shi, majinyaci kuma ya yarda ya karɓa. Wannan mataki na ƙarshe shi ake kira kai bincike ga aiki, kuma yanzu ya zama fannin ilimi mai zaman kansa, ana nazarinsa a jami'o'i. A Kanada ma, lokacin da aka kafa hukumar binciken lafiya ta ƙasar a 2000, an rubuta cikin dokarta cewa aikinta bai tsaya ga samar da ilimi ba, har da juya shi ya zama ingantacciyar lafiya ga jama'a.

Wani ƙiyasi da masu bincike biyu suka fitar a Amurka a 2000 ya ce sakamakon bincike kan ɗauki kimanin shekara 17 kafin ya shiga aikin yau da kullum na likitoci, kuma ɗan kaɗan ne ma daga ciki ke isa. Masana na jayayya kan yadda aka yi lissafin, amma ba wanda ya musa cewa jinkirin yana nan. Wannan fa a Amurka ke nan, inda ba a ɗauke wuta ana tsakiyar tiyata.

Maganin da ya yi shekara 55 yana jira

A 1962 wata likita 'yar Japan mai suna Utako Okamoto, tare da mijinta Shosuke, suka wallafa bincikensu kan wani sinadari da ake kira tiranezamik asid. Aikinsa shi ne hana gudan jini narkewa, ta yadda jijiyar da ta fashe za ta samu ta toshe. Abin da ya dami Utako tun farko shi ne mata masu mutuwa wajen haihuwa, domin a Japan ta wancan zamani abin ya yi yawa. Ta yi ta neman likitocin mata su gwada maganin a kan masu jego, ba ta samu wanda ya saurare ta ba. Maganin ya shiga kasuwa, aka riƙa amfani da shi wajen cire haƙori da yawan jinin al'ada, amma ainihin abin da aka yi shi dominsa ya zauna.

Sai a 2010 aka fara babban gwajin da ake kira WOMAN, ƙarƙashin jagorancin makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan. Mata sama da 20,000 a ƙasashe 21 suka shiga, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ba da mata. Sakamakon ya fito a watan Afrilun 2017: idan aka yi wa mai zubar da jini allurar cikin awa uku da haihuwa, mutuwa saboda zubar jinin na raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta. Utako kuwa ta rasu a watan Afrilun 2016, shekara guda kafin a sanar.

Daga 1962 zuwa 2017 shekara 55 ke nan. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata kusan miliyan 14 ke fuskantar zubar jini bayan haihuwa kowace shekara, kimanin 70,000 kuma su rasu. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar mai jegon da ta bar jariri ya san abin da kowace ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma ke nufi a gida.

Leda mai awo

Ko bayan 2017 matsalar ba ta kau ba, kuma nan ne gizo ke saƙa. Maganin yana nan, shawarar tana nan, amma mata na ci gaba da mutuwa a asibitocin da ke da shi a kabad. Da aka duba sai aka ga abubuwa biyu. Na farko, da ido ake ƙiyasta jinin da mace ta zubar, ido kuwa yakan raina shi, musamman idan ya jiƙa zani da katifa ya gangara ƙasa. Kafin a farga ta wuce mililita 500, wato rabin lita, lokaci ya tafi. Na biyu, ana ba da taimakon ne ɗaya bayan ɗaya: a gwada wannan a jira, in bai yi ba a gwada wancan. Mace mai zubar da jini ba ta da wannan lokacin jira.

Gwajin da ake kira E-MOTIVE, wanda Jami'ar Bamingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranta, bai zo da sabon magani ko ɗaya ba. Abin da ya kawo shi ne wata leda da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, mai aljihu da layukan awo, jinin ya taru a ciki kowa ya ga inda ya kai. Da zarar ya kai layin haɗari, sai ungozoma ta haɗa komai a lokaci guda: ta murza mahaifa, ta yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, ta yi ta tiranezamik, ta sa ƙarin ruwa, ta duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in abin ya fi ƙarfinta ta kira na gaba. Aka tanadi kayan wuri ɗaya a kan ƙaramin keke ko cikin akwati don kada a tsaya nema, aka riƙa yi wa ma'aikata atisaye, aka naɗa masu sa ido daga cikinsu, kowane wata kuma a nuna wa asibiti alƙalumansa.

An yi gwajin a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, sakamakon ya fito a watan Mayun 2023. A asibitocin da suka ci gaba da yadda suka saba, kusan rabin masu zubar jinin ne kawai aka gano, a waɗanda suka bi sabon tsari kuwa an gano fiye da kashi 90 cikin 100. Mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyatar gaggawa ko mutuwa, ya sauka daga kashi 4.3 zuwa kashi 1.6 cikin 100. Ragin kashi 60 ke nan, da magungunan da aka daɗe da sani.

Ɗaya daga cikin jagororin aikin ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A 2024 mujallar TIME ta sa ta cikin mutum 100 mafiya tasiri a fannin lafiya a duniya. Na yi murna da wannan ƙwarai, ba don 'yar gida ce kawai ba. Abin da aka yaba mata shi ne irin aikin da a da ba a ɗauka bincike ne ba: zama da ungozomomi a gano me ke hana su yin abin da suka riga suka sani.

Ina ilimi ke maƙalewa?

Kuɗi na ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Allurar oksitosin tana son sanyi, idan ta daɗe cikin zafi ƙarfinta na raguwa, don haka asibitin da ba shi da firji mai aiki yana iya yi wa mace allura daidai bisa ƙa'ida, maganin kuma ya ƙi yin abin da ake so. Sabo ma wani shinge ne. Najeriya ta sauya maganin zazzaɓin cizon sauro daga kulorokwin zuwa haɗin atemisinin a 2005, amma aka ɗauki shekaru mutane na zuwa kemis suna cewa a ba su wanda suka saba da shi, mai kemis kuma yana miƙawa.

Sai amana. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da ta biyo baya, sun bar tabo a zukata. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wannan tabo na cikin abubuwan da mutane ke ambata. Maganin ɗigon bai canza ba, kimiyyarsa ba ta canza ba. Abin da ya dawo da aikin shi ne sarakuna da malamai da dagatai da matan da suka bi gida-gida suna sallama, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020.

Akwai kuma wani dalili da ke cikin jami'o'in kansu. Malami na samun ƙarin girma ne da yawan maƙalun da ya buga a mujallu. Wanda ya rubuta takarda goma ya ajiye a kanta zai zama farfesa. Wanda ya shafe shekara biyar yana yawo ƙananan hukumomi yana koya wa malaman asibitin sha-ka-tafi yadda za su gane jijjigar masu ciki da wuri, sai ya zo gaban kwamiti da hannu kusan wayam. Matashin likita yana kallon wannan, kuma ya san hanyar da zai bi.

Me ya sa lambobin yabo suka karkata ga mai ganowa?

Wasiyyar Alfred Nobel ta ce a ba da lambar likitanci ga wanda ya yi gano mafi muhimmanci. Ba a raba ta ga fiye da mutum uku, ba a ba ƙungiya, ba a ba mamaci. Wannan tsari ya dace da aikin ɗakin bincike, inda za a iya nuna mutum a ce shi ne. Kai abu ga jama'a kuwa aikin gayya ne.

Ruwan gishiri da sukari ya isa misali. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira da ke Bangaon a Indiya. Ruwan ƙari ya ƙare. Wani likitan yara mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari cikin manyan durom, 'yan uwan marasa lafiya suna ba su da kofi. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin 100. Ba shi ya gano yadda sukari ke taimaka wa hanji ya sha gishiri da ruwa ba, wasu sun riga shi. Shi dai ya nuna cewa wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya ceton ɗansa da shi.

Daga 1980 zuwa 1990 wata ƙungiya mai zaman kanta ta Bangaladash mai suna BRAC ta tura mata suka shiga gidaje kusan miliyan 12 a Bangaladash, suna koya wa iyaye mata awon da hannu: gishiri abin da yatsu uku suka ɗauka, mazarƙwaila cikin tafi guda, ruwa rabin lita. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake biyan matan. Bayan sun wuce sai wasu su biyo baya su zaɓi gidaje, su sa uwa ta haɗa a gabansu, su ɗauki ruwan a auna. Gwargwadon yadda iyayen suka iya, gwargwadon abin da malamar za ta samu. Ba yawan gidajen da ta shiga ake ƙirgawa ba, abin da ya zauna a kan uwa ake dubawa.

Wannan ruwa ya ceci miliyoyin yara, amma ba a taɓa ba da Nobel a kansa ba. Mahalanabis ya samu lambar Yarima Mahidol ta ƙasar Tailan a 2006 tare da wasu, shekara 35 bayan Bangaon. Babbar lambar da ƙasarsa Indiya ta ba shi kuwa a 2023 ta zo, bayan ya rasu a watan Oktoban 2022.

Lambar da ta raba gida biyu

Japan ta ɗauki wata hanya. Ta kafa lambar Hideyo Noguchi don Afirka, da sunan masaninta da zazzaɓin shawara ya kashe a Accra a 1928 yana tsakiyar bincike a kan cutar. Lambar kashi biyu ce, ɗaya ta bincike, ɗaya ta hidimar lafiya, kuma kuɗinsu ɗaya, yen miliyan 100 kowace. A zagayen farko a 2008, ta bincike ta tafi ga Brian Greenwood, wanda ya yi kusan shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana aiki kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro kafin ya koma Gambiya, inda aka tabbatar cewa gidan sauro mai magani na rage mutuwar yara. Ta hidima kuma aka ba Miriam Were ta Kenya saboda aikin lafiya a cikin al'umma.

A 2022 ɓangaren hidima ya tafi ga shirin kawar da kurkunu. Dattawanmu sun san kurkunu, sun san yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma. Ba shi da allura, ba shi da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da 'yan sa-kai na ƙauye masu kai rahoto aka yaƙe shi. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a duniya, Najeriya kaɗai ta ƙirga fiye da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980. A 2013 aka tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi. A 2022 mutum 13 kacal aka samu a duk duniya.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu masana na cewa kada a manta da tushe: da Utako ba ta zauna a ɗakin gwaji ba, da babu abin da ungozomar Kano za ta zuƙa a sirinji. Suna tsoron idan aka karkata yabo da kuɗi ga abin da ake ganin amfaninsa nan take, za a yi sakaci da binciken da sai bayan shekara talatin zai yi 'ya'ya. Wannan magana gaskiya ce, shi ya sa tsarin Noguchi ya fi kwanta mini, domin bai ƙwace wa kowa ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Aikin da dubban mutane suka yi, wa za a kira ya hau dandamali? Sau da yawa shugaba ne ko mai ba da kuɗi, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Matar da ta yi ta bin lungu da akwatin sanyi a kafaɗa, wasunsu ma har rayukansu suka rasa a bakin aiki kamar yadda ya faru a Kano a watan Fabrairun 2013, ba a san sunanta ba. Kuma mun ga yadda lambar yabo ke lalacewa idan ta zama ta biki, a kama otal, a buga allo, a miƙa wa wanda ya ɗauki nauyin taron. Irin wannan tana ɓata ma'aikaci, domin tana koya masa cewa rahoto mai kyau ya fi aiki mai kyau.

Ni a ganina maganin wannan ba shi ne a daina karramawa ba, yabon gwani ya zama dole. A gyara ma'aunin ne, a yi irin na matan Bangaladash. Kafin a kira suna, wani wanda ba shi da hannu a aikin ya je ya duba rijistar asibitin: mata nawa suka zubar da jini bara, nawa bana, nawa aka yi wa allura cikin awa uku? Bayan masu tallafi sun tattara sun tafi, ana ci gaba da yi ko an koma gidan jiya? A kuma ba ɗakin haihuwa gaba ɗayansa, da mai shara da mai kula da firji. Wasu na cewa ma'aikacin da ke bin albashi ba allo yake buƙata ba. Haka ne, kuma karramawar da ta fi amfani gare shi ita ce wadda ta shiga takardar ƙarin girmansa.

Me ya shafi talaka?

Abin da ake yabawa shi ake kwaikwaya. Idan gwamnatin jiha ta riƙa fitar da sunan asibitin da ya fi rage mutuwar masu jego, da alƙaluman da kowa zai iya dubawa, sauran shugabannin asibitoci za su tambayi yadda aka yi, kwamishina kuma zai ji kunyar barin leda mai awo ta yanke. Jama'a su ma sun samu abin tambaya. Mai kai matarsa awo yana iya cewa, "Malama, a nan kuna auna jinin da mace ta zubar? Kuna da allurar tsayar da jini?" Kwamitin ci gaban mazaɓa yana iya tambayar ko firjin asibitinsu na aiki.

A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da auna jini da haɗa taimakon a lokaci guda cikin shawarwarinta. Amma asibitocin da aka yi gwajin manya ne na matakin tsakiya, masu likita da ɗakin tiyata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, a arewa maso yamma kuwa adadin bai ko kusa da haka ba. Mafi yawan matanmu a ɗaki suke haihuwa, gaban ungozomar gargajiya ko uwar miji, inda babu leda mai awo, babu allura, kuma motar da za ta kai su gari sai an nemo ta cikin dare.